RA'AYINMU: Man Argan da Matan Lahodu

A kudu maso yammacin ƙasar Maroko akwai wata itaciya mai ƙaya da ake kira argan. Tun kaka da kakanni matan karkara na ƙabilar Amazik ke tsintar 'ya'yanta, su fasa ƙwallon tsakanin duwatsu biyu, su niƙa ƙwayar, su tatsi mai. Ba wanda ya kula da su sai da wata malamar ilmin sinadarai ta Jami'ar Muhammadu na Biyar a Rabat, Zubaida Sharuf, ta duƙufa kan binciken man, kana ta taimaka aka kafa wa matan ƙungiyar gama-kai a garin Tamanar cikin 1996. A 1998 hukumar UNESCO ta sa dajin argan cikin wuraren da ake kiyayewa, a 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa itaciyar ranar 10 ga Mayu. Ɗalibai daga Turai da Amurka sukan ƙetare teku su zauna gaban waɗannan mata da littafi da alƙalami.

To, mu fa? Nan gabas da Sakkwato, a Lahodu da sauran ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, iyayenmu mata na irin wannan sana'a da gyaɗa. Mace za ta soya, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta yi ta matsar tunkuza har mai ya fito, sa'an nan ta toya ƙuli-ƙuli. Da wannan ake sayen cefane da kayan ɗakin 'ya. Amma wa ya taɓa zama da ita ya lissafa kuɗin gyaɗa da na itace da na niƙa, ya ga ko akwai abin da ya rage na wahalarta? Da yawanmu mun gwammace mu kwafo kundin digiri daga na waɗanda suka riga mu, mu sake masa bango, alhali kuwa da kuɗin ƙulin nan aka biya wa wasunmu makaranta.

Ga kuma aduwa, wadda ita ce ta fi kama da argan a ƙasarmu: ga ƙaya, ga jure fari, ga mai cikin ƙwallonta. Mun san ta a allon makaranta, mun tsotsi 'ya'yanta muna yara, muna kuma kallo ana sare ta don girki. Bugu da ƙari, ta'asar 'yan bindiga ta sa shiga daji a wannan yanki ya zama sayar da rai, abin da duk mai bincike na gaskiya tilas ya sa cikin lissafinsa.

Sai dai kada labarin Maroko ya ruɗe mu. Da man ya yi daraja, manyan kamfanoni da dillalai suka shigo da injuna da jari, mata da yawa suka koma masu fasa ƙwallo a biya su lada kaɗan, man kuma ya yi wa gidajen da ke yin sa tsada. Mu ma mun san irin wannan ciwo: a Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don ribar sarrafa shi tana tafiya waje. Lalle binciken da ya auna ingancin mai, bai tambayi aljihun wa kuɗin ke shiga ba, dillali ya yi wa aiki.

Saboda haka muna kira ga sassan ilmin noma da sinadarai da tattalin arziki su ba 'yan ajin ƙarshe ayyuka kan man gyaɗa da na aduwa, a sa ɗalibai mata gaba, tun da su ne ke iya shiga cikin gida. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta riƙa aika jajis ƙauyuka da ilmi. Ƙungiyar ɗalibai kuwa ta ɗauki nauyin mayar da sakamakon cikin Hausa, da boko da ajami, a karanta wa matan da aka yi wa tambayoyi kafin a kai kundin ɗakin karatu.