Hatimin da Muka Bar wa 'Yan Tsibbu

'Yan'uwa marubuta, kullum hujjarmu ɗaya: wai wasa ƙwaƙwalwa da lissafi na Turawa ne, Bahaushe ba zai karanta ba. Ƙarya muke yi wa kanmu! Malam Muhammadu al-Katsinawi, ɗan garin nan, tun 1732 ya rubuta littafi kan jera lambobi a hatimi, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku gwada: gida tara, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Mun sallama wannan ga 'yan tsibbu, muna ta nanata labarin kishiya, yaranmu kuwa na gudun lissafi kamar dodo. Wanda ya iya, ya gwada mai gida 25. Jimillar kowane layi 65.