Waken Rumbu da Lafiyar Uwargida

Sanin kowa ne albasar Aliero ta kai har Ikko, amma ba a cika tambayar abin da ya rage a kwanon matar manomi ba. A 1998, wani bincike kan mata ma'aikatan jinya a Amurka ya nuna waɗanda suka shekara 15 suna shan bitamin mai folet ba su faye kamuwa da sankarar babban hanji ba. Wannan ba hujjar rugawa kemis ba ce, domin folet ɗin yana nan jibge cikin wake da alayyafo. Abin takaici shi ne, daga Jandutsi har Maiyama, sau da yawa waken kasuwar Jega yake nufa, a bar uwargida da tuwo da miya tsululu.