Lambar Da Inbata Ke Nunawa Ba Ado Ba Ce

A garuruwan Isa da Sabon Birni, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, magidanta da dama sun koma ga farantan hasken rana da batura, da kuma na'urar nan inbata wadda ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida. Sai dai abin takaici shi ne, in na'urar ta yi ƙara ta nuna wata lamba a fuskarta, akasarin mutane kashewa suke yi su sake kunnawa, ba tare da sun nemi sanin dalili ba.

Wannan kuskure ne babba, domin lambar nan ita ce bakin na'urar. A samfurin Axpert da masu kama da shi, 04 na nufin batir ya yi sanyi, 07 na nufin kaya sun yi mata yawa, 02 kuwa zafi ne ya wuce kima. Waɗannan uku maigida na iya maganinsu da kansa: ya cire dutsen guga da abin dafa ruwa, ya share ƙurar hunturu daga farantai, ya kuma bar wa na'urar iska, musamman a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tilas ne a duba littafin da ya zo da ita, gama kowane kamfani da nasa lambobin.

Amma in ta nuna 08 ko 09, cutar tana ciki. Haka nan in an ji ƙauri, ko batir ya kumbura, ko lamba ɗaya ta yi ta dawowa. A nan wajibi ne a kashe, a nemo gwani. Kada a kuskura a kwance murfin, domin akwai ragowar wuta mai iya kisa a ciki ko bayan an kashe.

Gaskiya ne ɗauko ma'aikaci daga Sakkwato akwai tsada, ga nisa, ga halin da hanya take ciki. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ya kamata a rubuta lambar a karanta masa ta waya, don ya zo da kayan da suka dace. Ya kuma kamata ƙananan hukumomin biyu su tura samari koyon wannan sana'a. Kuɗin gyara dai bai kai asarar gobara ba.