Rigar nan fa ba ta Amurkawa ba ce

Jiya bayan la'asar, a ƙofar masallacin makaranta, wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya iso da rigar sanyi mai hula, irin mai hoton bakin kifi da haƙora ɗin nan. Wani ya ce masa, "Kai dai tunda ka zo kudu ka koma Ba'amurke." Aka yi ta dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don rigar nan ba daga Amurka ta samo asali ba.

Sunanta BAPE. Wani matashin Japan da ake kira Nigo ne ya kafa kamfanin a 1993, a lungunan unguwar Harajuku ta birnin Tokyo. Mawaƙan Amurka irin su Pharrell Williams suka gani suka ɗauka, mu kuma muka gani a jikinsu muka ce tasu ce. (Ta ƙanen namu dai ta kasuwa ce, amma wannan zancen wata rana ne.)

Mun saba duk tufar da ba kaftani ba mu ce "kayan Turawa". To Turawan ma aro suke yi, kuma Japan sun sha ba su. A 1981 Rei Kawakubo da Yohji Yamamoto suka kai ɗinkinsu Paris: baƙaƙen kaya, burum-burum, ba sa bin surar jiki. Aka yi musu ba'a, daga baya kuma aka koma ana kwaikwayonsu. Hatta baƙar rigar da Steve Jobs ya yi ta sakawa, ɗinkin Issey Miyake ce.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne boro. Talakawan manoma ne a arewacin Japan, ga sanyi ga tsadar auduga, sai su yi ta maho kan maho da tsummokaran da aka rina da shuni, riga ɗaya kaka ya sa, jika ya gada. Da suka samu sauƙin rayuwa kunyar kayan suka riƙa ji, da yawa suka zubar. Yau ana rataye su a gidajen tarihi, masu kuɗin Turai na sayen sabuwar riga da aka yi wa mahon ƙarya. Wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane wannan launin.

Amma ba su bar komai sakaka ba. A 2019 da Kim Kardashian ta raɗa wa kamfaninta na kayan ciki suna Kimono, 'yan Japan suka yi caa, magajin garin Kyoto ya rubuta mata wasiƙa, ta sauya sunan zuwa Skims. Alhali su kansu yawancinsu sai biki ko yaye ɗalibai suke sa kimono. A nan kam mun fi su, mu da kaftani muke shiga lakca.

Shi ya sa ban ga dalilin tsangwamar yaron nan ba. Ranar Juma'a da shadda da hula zanna yake zuwa, na sha ganinsa. Da na ba shi labarin Nigo cewa ya yi, "Yaya, ni dai ruwan saman garin nan ne ya sa na saya."