Gyaran tsofaffin na'urorin wasan bidiyo: takaddamar kamfanoni da masu saye

A watan Yulin shekarar 2024 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya ba da sanarwar cewa ya daina karɓar na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna Wii U domin gyara, bisa dalilin cewa kayayyakin gyaran da ya tanada sun ƙare. Wannan sanarwa ba ta zo wa kowa da mamaki ba, domin kuwa haka kamfanin ya yi wa Famicom a shekarar 2007, shekaru 24 bayan fitowarta kasuwa, kamar yadda shi ma kamfanin Sony ya rufe ƙofar gyaran PlayStation 2 a Japan a shekarar 2018. To amma ita PlayStation 2 kaɗai an sayar da fiye da miliyan 150 a faɗin duniya, kuma har yanzu ɗimbinsu na nan a gidajen jama'a. Abin tambaya a nan shi ne, idan wanda ya ƙera na'ura ya ce ba ruwansa da ita, wa ke da ikon buɗe ta ya gyara, kuma ina iyakar wannan iko?

Cututtukan waɗannan tsofaffin na'urori sanannu ne ga masu gyara. Akwai wasu 'yan ƙananan ma'ajiyar wutar lantarki da ake kira kafasito, waɗanda idan suka tsufa sukan tsiyayar da ruwan da ke cikinsu ya cinye allon na'urar. Wannan ne ya sa da wuya a samu Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990, da ke da lafiyayyen sauti da hoto ba tare da an sauya mata su ba, haka kuma Xbox ta farko ta 2001 tana da guda ɗaya mai riƙe da agogo wanda ya yi ƙaurin suna wajen wannan ɓarna. A na'urori masu amfani da faifai kuwa, idon da ke karanta faifan ne ke raunana. Kazalika, batirin da ke cikin kaset, wanda ke riƙe wa ɗan wasa inda ya tsaya, shi ma yana da ranar mutuwarsa. Duk waɗannan aiki ne na ƙarfen narka dalma da haƙuri, kuma babu dokar da ta hana su.

Matsalar tana farawa ne daga inda gyara ya haɗu da makullin da kamfani ya sa. Misali mafi sauƙi shi ne na'urar NES da Nintendo ya shigar kasuwar Amurka a 1985. An dasa mata wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda aikinta shi ne tantance kaset, ta ƙi duk wanda bai samu amincewar kamfanin ba ko wanda aka yi domin wani yanki na duniya dabam. Da shekaru suka ja, haƙoran da ke riƙe kaset, su 72, suka yi datti ko suka saki, sai wannan mai gadi ya riƙa ɗaukar kaset na ainihi a matsayin jabu, jar fitilar na'urar ta yi ta ƙyaftawa, wasa ya ƙi tashi. Masu gyara sun daɗe da gano cewa yanke ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafun wannan 'yar ƙwaƙwalwa yana kawar da ƙyaftawar. Sai dai yankan nan guda shi ne kuma ke buɗe ƙofa ga kaset marar izini. Wato da almakashi ɗaya mutum ya yi gyara, ya kuma karya makulli.

A na'urorin baya-bayan nan lamarin ya ƙara tsananta, tun da kamfanoni sukan ɗaura wa sashen karanta faifai aure da babban allon na'urar, ta yadda idan aka sa wani sabo, ko da na ainihi ne, na'urar ba za ta amince da shi ba. A Amurka, dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta haramta tsallake irin wannan makulli, kuma sai a shekarar 2021 ne mahukunta suka yi sassauci, suka halatta tsallake shi domin gyaran sashen karanta faifai kawai, bisa sharaɗin a mayar da makullin bayan an gama.

Su dai kamfanonin, hujjarsu ita ce satar fasaha, kuma ba za a ce hujjar ba ta da tushe ba. Akasarin ribarsu daga sayar da wasanni take fitowa, har ma akan sayar da ita kanta na'urar a farashin da bai kai kuɗin ƙera ta ba a farkon fitowarta. Don haka ba sa yi wa masu fasa makulli da wasa. A watan Fabrairun 2022 wata kotu a Amurka ta yanke wa Gary Bowser, ɗan ƙasar Kanada, ɗaurin watanni 40 saboda rawar da ya taka a wani gungu mai sayar da kayan fasa makullin Nintendo Switch, baya ga dala miliyan 14 da rabi da aka ɗora masa ya biya kamfanin. A Japan, gyaran fuskar da aka yi wa dokar hana gasa ta rashin adalci a 2018 ya ƙara matse masu sana'ar sauya fasalin na'urori, kuma a 2025 an yanke wa wani mutum ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka bayan da aka kama shi yana sayar da Switch da aka yi wa kwaskwarima aka cika da wasannin sata.

Ba ko'ina ne kotuna suka ba kamfanonin wuƙa da nama ba. Babbar kotun Ostareliya ta yanke hukunci a 2005 cewa mutumin da ke dasa irin waɗannan 'yan ƙwaƙwalwa a PlayStation bai karya dokar wancan lokaci ba. Ita ma kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Nintendo da kamfanin PC Box na Italiya a 2014, ta ce kariyar da doka ke bai wa makulli ba ta wuce manufar hana satar fasaha ba, kuma wajibi ne alƙali ya duba ainihin abin da jama'a ke yi da kayan fasa makullin kafin ya yanke hukunci.

Inda hujjar kamfanonin ke da rauni shi ne kan na'urorin da su da kansu suka juya wa baya. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su kuma. A watan Maris na wannan shekara ta 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na Wii U da 3DS, abin da ya sa wasannin da ba a taɓa buga su a faifai ko kaset ba suka rasa hanyar saye ta halal. Da wuya a ce mutum ya rage wa kamfani ciniki a kan hajar da kamfanin ya janye daga kasuwa. Duk da haka, a watan Oktoban 2024 ofishin kula da haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar ɗakunan karatu da gidajen tarihi ta ba masu bincike damar kaiwa ga tsofaffin wasanni daga nesa.

Wani abin lura kuma shi ne yadda dokokin 'yancin gyara, waɗanda suka samu karɓuwa a 'yan shekarun nan, suka riƙa tsallake wannan fanni. Dokokin jihohin Kalifoniya da Minnesota, da suka fara aiki a watan Yulin 2024, sun tilasta wa kamfanonin kayan lantarki samar da kayan gyara da littattafan bayani, amma dukkansu biyu sun cire na'urorin wasan bidiyo daga ciki. Ita ma dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta lissafa injin wanki da firji da wayar salula da makamantansu, ba ta ambaci na'urar wasa ba. Abin da zai shafe su a Turai shi ne dokar batir ta 2023, wadda ta tanadi cewa daga watan Fabrairun 2027 dole mai na'urar hannu ya iya cire batirinta ya sauya.

Ga ƙasashen Afirka ta Yamma, wannan muhawara ba ta masu sha'awar kayan tarihi ba ce. Yawancin na'urorin wasa da ke shiga kasuwanni irin su Alaba a Legas kayan gwanjo ne daga Turai da Amurka da Asiya, kuma sukan zo da makullin yankin da aka yi su dominsa, wasu ma da ƙarfin wutar da bai dace da ta yankin ba. Mai gidan wasan da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a allo, abincinsa yana hannun mai gyaran da ke bakin kasuwa, ba wakilin wani kamfani ba. Kuma duk na'urar da ta gagari gyara bola take nufa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata.

Bisa ga dukkan alamu, kamfanonin ba su da niyyar sassautawa. A watan Mayun 2025, gab da fitowar Switch 2, Nintendo ya sabunta yarjejeniyarsa da masu amfani da na'urorinsa a Amurka, inda ya bai wa kansa damar dakatar da aikin na'urar da aka yi wa kwaskwarima ba da izininsa ba, har abada. Sai dai matsin lambar jama'a yakan yi tasiri wani lokaci: a 2021 Sony ya janye shirinsa na rufe kantin intanet na PlayStation 3 da Vita, 'yan makonni bayan ya sanar da shi, sakamakon ƙorafin masu saye.