Wa ya dafa abincin da Karasus ya ciyar da Roma?

A shekara ta 70 kafin Miladiyya, Markus Karasus, wanda ya fi kowa dukiya a birnin Roma, ya jera tebura 10,000 ya ciyar da mutanen gari, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa hatsin wata uku. A lokacin yana kan kujerar konsul, babban muƙamin da ake zaɓa duk shekara a jamhuriyar, yana gasar farin jini da abokin mulkinsa Pompei. Shekara guda kafin wannan walima, shi ne ya sa aka gicciye bayi 6,000, ragowar mayaƙan Sipatakus jagoran tawayen bayi, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Kapuwa zuwa Roma. An saba ba da labaran nan biyu daban-daban, ɗaya a babin kyauta, ɗaya a babin yaƙi. Ni a ganina labari ɗaya ne, kuma duk wanda ya raba su ya yi wa matattun nan rashin adalci.

Daga ina ma masu yunwar suka fito? Yaƙe-yaƙen Roma sun cika kasuwa da bayi har suka yi araha. A shekara ta 167 kafin Miladiyya kaɗai an kamo mutum 150,000 daga yankin Efirus na ƙasar Girka. Masu kuɗi suka bi gonakin ƙananan manoma da yaƙi ya ɗauke daga gida shekara da shekaru, suka saye, suka haɗe su manyan gandaye, suka zuba bayi. Manomin da ya rasa gona sai ya kwashi iyali ya shigo birni, abin da ya rage masa a duniya ƙuri'arsa ce. Ke nan gidajen da suka raba shi da rumbunsa su ne suka dawo suna miƙa masa burodi, yana yi musu godiya. Gayus Girakus ya kafa dokar sayar wa talaka hatsi da rahusa a 123, Kulodiyus ya mai da shi kyauta a 58. Zuwa 46 masu karɓa sun kai 320,000. Yuliyus Kaisar ya zaftare su zuwa 150,000, a shekarar da ya shimfiɗa wa jama'a wuraren cin abinci 22,000 don bikin nasararsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abincin wanda ya noma hatsin. Kato Babba, dattijon majalisa da Romawa ke kafa misali da shi wajen ɗa'a, ya rubuta littafi kan kula da gandu, bai kuwa ɓoye komai ba. Bawan da ke aiki da sarƙa a ƙafa awo huɗu na burodi zai samu da hunturu, a ƙara masa ɗaya idan an fara kaftun gonar inabi, da zarar ɓaure ya nuna a janye ƙarin. Mahaɗinsa 'ya'yan zaitun da suka faɗo ƙasa. In sun ƙare, guggubin miyar kifi da ruwan tsami. Mayafi da takalmin katako sai bayan shekara biyu, kuma a karɓe tsohon mayafin a yi faci da shi. In bawa ya kwanta ciwo a rage masa abinci. In ya tsufa a sayar da shi tare da tsofaffin shanu da kayan aikin da suka lalace. Mutum ne ya zauna da hankalinsa ya tsara wannan, manya suka karanta suka yaba da tattalinsa.

A cikin birni kuwa, gidan mai neman kujera shi ne ofishin kamfe. Tun da asuba mabiya ke cika zaure don gaisuwa. Idan maigida ya fita dandali, akwai bawa na musamman a kafaɗarsa wanda aikinsa haddace sunayen mutane, yana raɗa masa a kunne, shi kuma ya kira talaka da sunansa kamar sun daɗe da sanin juna. Har fara'ar ɗan takara da ƙwaƙwalwar bawa ake yin ta. Da yamma sai liyafa. Kuku, wanda a da shi ne mafi arha cikin bayi, ya yi tsada tun bayan da sojoji suka dawo daga Asiya a 187 da sabon ɗanɗano. An yi dokokin taƙaita yawan baƙi da kuɗin da za a kashe, a 182 da 161, ba su hana komai ba, domin mai rowa ba ya cin zaɓe. Wani Tubero ya shirya walimar makokin kawunsa Sifiyo da shimfiɗar fatun awaki da kwanukan ƙasa, jama'a suka riƙe shi a zuci, suka kayar da shi da ya fito takara. A 63 aka gurfanar da wani ɗan takara, Murena, kan sayen ƙuri'a, har da zargin ciyar da masu zaɓe. Lauyansa Sisero ya kare shi da hujjar cewa al'adar kaka da kakanni ce, aka sallame shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Marubuci Seneka, wanda shi kansa mai bayi ne, ya bayyana yadda daren liyafa yake ga masu hidima: suna tsaye har gari ya waye, ciki ba komai, baki a rufe, tari ko atishawa na jawo bulala, wani kuma aikinsa goge abin da mashaya suka tofar. Kaisar ya taɓa sa wa mai gasa masa burodi mari don ya ba baƙi wanda bai kai na maigida kyau ba, aka kuma lissafa wannan cikin misalan tsananinsa wajen tafiyar da gida. Bediyus Poliyo, aminin Sarki Agustus, ya ba da umarni a jefa wani yaro cikin tafkin kifaye masu kaifin haƙora saboda ya fasa kofin ƙarau. Yaron ya faɗi gaban Agustus, roƙonsa kawai a yi masa wani irin kisan. Sarki ya cece shi, ya sa aka farfasa sauran kofunan. Ana ba da labarin don yabon tausayin sarki. Ni abin da nake gani shi ne babu wata doka da Poliyo ya taka, kuma da ya mutu a shekara ta 15 kafin Miladiyya, Agustus ne ya gaji katafaren gidansa na bakin teku kusa da Nafoli.

Akwai masu cewa kada a auna mutanen da da ma'aunin yau, kuma Roma tana 'yanta bayi fiye da maƙwabtanta. Batun 'yantarwa gaskiya ne. Sisero ya 'yanta magatakardansa Tiro, kuma 'ya'yan da 'yantattu suka haifa bayan samun 'yanci cikakkun 'yan ƙasa ne. Amma wannan ƙofa ta fi buɗuwa ga bawan da ke kusa da kunnen maigida. Na gandu mai sarƙa da wuya ya ko hango ta.

Zancen cewa ba su san zalunci ba ne kuwa, tarihinsu da kansa ya ƙaryata shi. A shekara ta 61 Miladiyya wani bawa ya kashe ubangidansa Fedaniyus Sekundus, shugaban birnin Roma. Tsohuwar al'ada ta ce a kashe duk bawan da ke ƙarƙashin rufin gidan, su kuwa 400 ne, har da mata da yara. Talakawan gari suka fito da duwatsu da wuta suna cewa ba za a yi ba. Majalisar dattawa ta zauna, wasu suka nemi sassauci, masu cewa tsoro ne kaɗai ke riƙe bawa suka yi rinjaye. Sarki Nero ya jera sojoji a kan hanya aka wuce da su wurin kisa.

Saboda haka ban yarda a kira Karasus da ire-irensa masu kyauta ba. Da gumin waɗanda suka hana wa ƙoshi suka sayi kujera. Malaman tarihi da ke koya wa yaranmu dokokin Roma da majalisarta, ina roƙonku ku haɗa musu da lissafin burodin Kato da bayin Fedaniyus 400.