Keke Mai Giya Ɗaya Shi Ne Dokin Talaka

Jama'a, tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mutanen ƙasar Bagwai da yawa sun jingine babur sun koma neman keke. To, ga shawarata ga mai shirin saye: kada ƙyale-ƙyale su ruɗe shi, ya sayi baƙin keke mai giya ɗaya, irin Raleigh ko Phoenix da iyayenmu suka hau.

Na san samari za su ce kekunan gwanjo masu giya goma sha takwas sun fi gudu. Gaskiya ne, amma a ina? An ƙera su domin ƙasashe masu tsaunuka. Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take, abin da ke damunmu rairayi ne da ƙurar hunturu da ƙaya. Ƙura ta shiga ƙarfen canjin giya, kaca ta yi ta zamewa. Ni kaina na sayi irinsa, ya lalace mini tsakanin Gadanya da Bagwai, mai faci ya juya shi ya juya, ya ce sai Kano. Ranar da ƙafa na isa ofis, rana ta take. Baƙin keke kuwa, kowane mai gyara a gindin bishiya ya san cikinsa, kayansa kuma ba su wuya a Bichi.

Wai ba ya tafiya mai nisa? Har gasar Tour de France ta ƙasar Faransa sai a 1937 aka yarda 'yan tsere su sa wannan ƙarfen canji.

Abin lura ɗaya ne, watau haƙora. In farantin gaba yana da haƙora 44, na baya 18, taya kuma inci 28, kowane juyin feda zai kai ka kamar mita biyar da rabi. Wannan ya dace da ma'aikaci mai bin kwalta zuwa Bichi ko Kano. Amma manomin rani da ke ɗauko buhun albasa daga bakin dam ɗin Watari, ya sa a canja masa na baya zuwa 20. Gudu zai ragu kaɗan, gwiwa kuwa ta huta.

Sa'an nan kafin ka biya, ka ɗaga keken ka juya taya, ka matsa birki, ka girgiza kariya. In dillali ya hana ka hawa ka gwada, mai da kuɗinka aljihu.